Amaryar Tsoho, Rumbun da Ba a Zuba wa Komai

Ina saman kamiyo, babbar motar kaya, a tashar Tanut ina ɗaure buhunan albasa, sai wani ɗan garinmu ya tsaya ƙasa ya kira ni da sunana na yanka. A tasha ba mai kirana da wannan suna, a gida ma sai in zan sha duka.

Ya ce, "Sauko. Tsoho ya cika."

Na ce, "Wane tsohon? Garinmu ai tsofaffi sun fi awaki yawa."

Bai yi dariya ba. Ni ma da na ji abin da bakina ya faɗa, sai igiyar ta suɓuce mini. Mai abu ya aiko a karɓo mishi abinsa, mu ma can muka nufa. Kakana ke nan, uban babana, wanda duk gidan muke ce wa Tsoho.

Kafin in sami motar da za ta sauke ni mararraba, in taka sauran da ƙafa, an riga an kai shi. Na tarar da tabarmi har bakin hanya. Gwaggo, ƴarsa da ke aure wajen Belbeji, ta yi kuka har murya ta dushe, tana ta faɗin wai bara ya ce mata ta zo da kaka ta ƙi zuwa saboda awaki. Liman yana cewa mutum ne da ba ya cin haƙƙin kowa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuwa ba ta yi kuka ba, ta riƙe haɓa kawai tana cewa, "To yanzu wa zai hana mu cinye iri?" Iya, matarsa, kakata, tana cikin ɗaki ta shiga takaba. Na durƙusa bakin ƙofa zan yi mata gaisuwa irin ta manya, na buɗe baki, sai na ji na ce, "Matata, ya gudu ya bar mu." Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ja'iri. Ko ruwa ba ka sha ba." Sai ta juya fuska bango.

Ranar sadakar uku wani Buzu ya iso bisa raƙumi daga wajen Tenhya, aminin Tsoho ne. Bai nufi tabarmi ba. Ya durƙusar da raƙumi, ya zagaya bayan gida inda rumbuna suke, ya dafa ɗaya da tafin hannu, ya daɗe a tsaye da rawaninsa rufe da baki. Baƙi suna ta kallonsa, wai ko bai san inda ake gaisuwa ba. Mu ƴan gida mun san ya sani.

Wanda kuwa yake karɓar gaisuwar, Baba Ƙarami, ƙanen babana, bakinsa na cewa "amin, amin," idonsa na kan damman hatsi da ke jibge a fili. Don Tsoho ya zaɓi lokacinsa. Bana damina ta yi kyau irin wadda muka manta da ita, an yanke, an ɗaure, an yi nisa da zubi, sai ya kwanta da zazzaɓi bai tashi ba. Ya bar hatsi a ƙasa.

Sai na yi muku bayani, don wanda ba ɗan gidanmu ba ba zai gane abin da ya sa ake kallon rumbu ranar makoki ba.

Ko'ina a ƙasar Damargu kowane magidanci da rumbunsa. Ka noma, ka yanke, ka zuba naka, ka rufe, in ya ƙare kai ka sani. Gidanmu ba haka ba ne. Tsoho ya haɗa rumbunan gidan duka, nasa da na ƴaƴansa da na ƴaƴan ƙannensa, ya mai da su ciki ɗaya. Ranar zubi in jakinka ya iso, ba kai za ka ce ga inda za a sa ba. Yana tsaye da sandarsa yana nuni: wannan damin nan, wannan can wajen rijiya, wancan tsallaken kwari. Kafin la'asar noman mutum ɗaya ya warwatsu cikin rumbuna duka, kowane rumbu kuma na ɗauke da gumin kowa. In gara ta shiga ɗaya, kowa ya yi ɗan rashi, ba wanda ya tashi tsirara. Ranar awo kuma mata su zo da ƙwarya, Iya ta auna wa kowane gida daidai da bakunan da ke cikinsa. In wani ya yi gunaguni, Tsoho ya ce, "Gero bai san sunan ubangidansa ba. Tambaye shi ka ji."

Kuma ba haka kawai ake zubawa ba. Akwai na ci, rumbunan zana da ke kusa da gida, su mata ke buɗewa. Akwai na jira, na ƙasa, waɗanda ake cika su da zangarniya a liƙe baki, ba a taɓa su sai damina ta shigo ko shekara ta juya baya. Akwai iri, shi ma ba ya yarda ya kwana wuri ɗaya. Ba ya haɗa na zana da na ƙasa a aiki guda, wai ba a ɗaure jaki da raƙumi a igiya ɗaya. In saurayi ya yi aure ya gina sabo yana so a shigar da shi, sai Tsoho ya zagaya shi kamar mai sayen doki, ya ƙwanƙwasa, ya duƙa ya dubi duwatsun da ke ƙarƙashi. Shekarar farko ɗan kaɗan yake yarda a sa, wai sai an ga halinsa.

Ni wannan tsari shi ya raine ni. Babana ya rasu ina ƙarami, ya bar Inna da mu da ƴar gona wadda in an yi sa'a jaki ke kwashe ta a sawu kaɗan. Amma ranar awo ƙwaryar Inna tana cika kamar ta kowa, ba ta taɓa cewa "don Allah" ba. Na girma ban san mu marayu ba ne ta wajen tuwo, sai ta wajen takalmi. Har gobe Inna da ƙannena daga nan suke ci. Abin da nake samu a tasha, in na sayi shayi da burodi, sauran bai kai a faɗa ba.

Sai kuma Amarya.

Rumbun ƙasa ne, shi ya fi duka kyau, yana tsaye shi kaɗai gabas da gida. Kowace shekara Tsoho ya yi mata sabon yaɓe, ya sake mata jinka, ya share cikinta, ba ya zuba mata ko zangarniya ɗaya. Ni na sa mata suna. Na ce, "Tsoho, wannan amaryar taka kullum kwalliya, ba ciki ba goyo. Ka sake ta mana." Ya ce, "Ɗan lekol, an koya maka ka rubuta jaki, ba a koya maka ka hau shi ba." Lekol ɗin ma, wato boko, ban gama ba, mushe, malaminmu, ya ce kaina na da kyau amma ɗuwawuna ba sa zama.

Duk safiyar Juma'a yakan jingina tsani, ya hau da ƙyar, ya ɗaga murfi, ya cusa kai ciki, ya ce, "Salamu alaikum!" da ƙarfi. Ni ina ƙasa riƙe da ciki don dariya.

"Wa ya amsa?"

"Ubanka ya amsa."

"A'a, gaya mini dai. Aljanu ka ajiye?"

Sai ya sauko, ya zauna kan dutse yana haki. Ya ce, "Muryata nake saurare, sakarai. In ta dawo mini cikakkiya, ba tsaga. In ta dawo da ƙyar, akwai inda take zurarewa, inda murya ta fita kuwa kusu zai shiga."

Amarya ba dabara ce ta haife ta ba, wauta ce, kuma wautar Tsoho. Shi da kansa ba ya son a tuna, Iya ce ke tunawa don ta ji daɗi. Da farko, da ya haɗa rumbunan, sai ya jera su bayan gida kafaɗa da kafaɗa, don yana son ya zauna da maraice ya dube su a jere kamar sojan fareti. Wata rana da azahar cikin bazara, ba da daɗewa ba bayan soja sun karɓi mulki, wata yarinya ta ɗebo wuta daga maƙwabta a kasko, iska ta fizgi garwashi. Jinkar farko ta kama, ta miƙa wa ta biyu, ta biyu ta miƙa wa ta uku. Ina tuna warin, kamar an gasa duniya. Maza suka fasa cikin waɗanda wuta ta fara lasa, suka janyo abin da ya janyu, aka tara a ƙasa. To ina za a sa shi? Sauran rumbuna cike suke. Ana cikin neman zana da itace ruwan farko ya sauko, abin da wuta ta bari ruwa ya ruɓar.

Iya ta ce mishi, "Malam, ka haɗa hatsi, ka haɗa wa wuta abinci wuri ɗaya. Ko godiya ta yi maka?"

Da kaka ta zo ya rarraba su, wasu wajen rijiya, wasu tsallaken kwari, tsakanin kowane biyu tazarar da tartsatsi ba zai tsallaka ba. Mata suka yi ta tsine wa nisa. Sannan ya gina Amarya. Kuma ta yi ranarta, na gani da idona: wata shekara gara ta hau na wajen rijiya, da safe ɗaya aka kwashe shi kaf aka juye mata. Da aka kashe garar aka sake yaɓe, sai ya sa aka mayar da hatsin, ya shiga da tsintsiya ya share ta. Na ce, "Kai Tsoho, ba ka da amana. Daga ta yi ciki sai ka sa a zubar?" Ya jefe ni da takalmi. Ya same ni kuwa, hannunsa bai tsufa ba.

Faɗanmu na kullum a kan Iya ne. In na shigo na tarar suna zaune, in ce, "Malam, matsa, mai gida ya zo." Ya ce, "Da me za ka ci da ita? Da surutu?" In ce, "Ai ni take so, kai haƙuri take yi da kai." Iya ta ce, "Gaskiya ne, ko haƙora ba shi da su." Shi kuma ya ce, "To na ji. Sadakinta rumbu ɗaya. Ranar da ka gina rumbu da hannunka ya tsaya da ƙafarsa, na sakar maka ita." Ya san inda ya kama ni. Ni da laka ba ma shiri, ko kaskon wasa ban taɓa ginawa ya yi kama da kasko ba.

Faɗan gaske kuwa da Baba Ƙarami ya yi shi. Baba Ƙarami manomi ne, wannan ba mai ƙwace mishi. Shi ya fara sayen garmar shanu a garinmu, gonarsa ta fi ta kowa, ranar zubi jakunansa ba sa hutawa. Wata shekara ya zo da kwado sabo fil daga kasuwar Ollelewa, ya ce zai yi wa rumbu ɗaya ƙofar kwano, ya zama nasa shi kaɗai. Ya ce, "Baba, ni ke noma, wasu ke ci." Ya faɗe ta a tsakar gida, Inna na nan tana tankaɗe. Na ga hannunta ya tsaya.

Tsoho ya ce, "Shekarar da kurkunu ya kwantar da kai damina guda, ƙafa kamar turmi, me ka noma?"

Bai jira amsa ba, ya ƙara:

"Matarka ta zo awo ko ba ta zo ba? Hatsin wa ta ɗauka? Na yayanka ne. Yana maƙabarta, ka san wurin. Je ka mayar mishi, in ya karɓa ka zo ka sa kwadonka."

Baba Ƙarami ya fita. Sun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa su. Da kaka ta zo bai zo zubi ba, amma ya turo jakunan da yara. Kwadon yana nan, ya sa shi a akwatin tufafinsa. Ban ce mugu ba ne. Wanda ya fi kowa zufa dole wata rana ya dubi inda zufar ke tafiya.

Shi kuwa Buzun nan, lokacin babban farin baya ne ya shigo cikinmu. Da can yakan zo da gishiri da cuku ya koma da gero, su zauna da Tsoho su sha shayi suna zagin juna, wannan ya ce bawan gona, wancan ya ce ɓarawon ƙaiƙayi. Shekarar nan ya zo a ƙasa, da mata da yara, ba raƙumi ba akuya, duk sun mutu a hanya. Ya zauna a zaure bai roƙi komai ba, irinsu yunwa ta fi musu roƙo sauƙi. Mu ma a lokacin an buɗe na jira, Iya tana auna ƙwarya tana shafe bakinta da yatsa.

Tsoho ya ce, "Kai, ba a ci a gidan nan sai an zuba. Me ka kawo?"

Buzu ya ce, "Ka ga hannuna."

"Wancan ƙullin fa?"

Guntun kantun gishiri ne, abin da ya rage mishi ke nan a duniya. Tsoho ya karɓa, ya sa tsani, ya hau, ya jefa shi cikin rumbu a gaban kowa. Ya sauko ya kakkaɓe hannu. Ya ce, "Ya zuba, kun gani. Ranar awo matarsa ta zo da ƙwarya." Ni na ce, "To bana fura da gishirinta za ta fito." Buzu ya yi dariya, ita ce dariyarsa ta farko. Tun da ya farfaɗo kuwa, ba kakar da ba ya sayo gero ya kawo a zuba, ko ba ya nan ranar ci.

A shekarar nan ne rumbuna suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Tsoho, amarenka sun yi yawa, musulunci huɗu ya ce." Wannan karon bai jefe ni ba. Ya dube ni kawai, na ga ya rame har wuyan rigarsa ya yi mishi yawa. Amma iri bai bari an taɓa ba, ya kwana ya tashi a gindinsa da sanda, tsofaffin mata na zaginsa. A lokacin na ga gara in rage musu baki ɗaya, na bi wani direba zuwa Tanut na zama aparanti, wato yaron mota. Da zan tafi ya raka ni har bakin kwari, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ce, "Ƙwaryarka na nan rataye. Ko ka zama gwamna, ko ka zama ɓarawo." Na ce, "Ka riƙe mini matata da kyau." Ya ce, "Tafi, ɗan banza." Na waiwaya daga nesa, yana nan tsaye.

To ga shi ya tafi, ga hatsi a ƙasa.

Bayan sadakar bakwai Baba Ƙarami ya tara mu a zaure. Ya ce rumbuna duk sun cika, abin da ya rage a fili yawancinsa daga gonarsa ya fito, gara na ƙasa, shanun makiyaya sun kusa gangarowa. Ya ce, "Ga rumbu lafiyayye a tsaye ba komai ciki. Zan zuba rarar gonata a ciki, ya zama nawa. Sauran a ci gaba yadda ake yi." Maganarsa da hankali a ciki, shi ya sa ta ba ni tsoro. Na dubi ƴaƴan ƙannen Tsoho, na ga kowa ya fara lissafin wane rumbu ya fi kusa da ƙofarsa. Yau in aka ce wannan na wane ne, baɗi kowa ya ja nasa, Inna ta koma kan ƴar gonarta, ƙwarya ta koma "don Allah."

Ban san lokacin da na ce, "Baba, amaryar mutum ba a gadonta tun ba a yi arba'in ba."

Ya ce, "Kai, nan ba tasha ba ce."

Na ce, "Na sani. Ka ba ni zuwa sadakar arba'in, in gina wani. Hatsin a ɗora shi kan itace, a kewaye da ƙaya, ni zan yi gadi."

Zauren duka ya fashe da dariya, ranar makoki guda. Wani ya ce, "Kai? Rumbu?" Baba Ƙarami ya ce, "In arba'in ta zo ba rumbu fa?" Na ce, "In ɗauko maka tsani da kaina."

Wallahi laka ba ta san wasa ba. Na aika wa direbana cewa ya nemi wani. Na haƙa, na kwaɓa da ƙaiƙayi, na jera duwatsu yadda na ga Tsoho na yi, na fara ɗora zobe bisa zobe, kowane sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Na farko ya tsage na rushe. Buzu ya fasa komawa gida, yana jido mini ruwa da raƙumi, mutumin da bai taɓa gina abin da ya wuce tanti ba, amma shawara ba ta ƙare mishi. Ƙannena mata na tattaka laka suna yi mini waƙar zambo. Tafin hannuna ya fashe. Sau nawa ina ɗagowa in dubi dutsen da Tsoho ke zama, ina jiran a ce, "Ɗan lekol, wannan rumbu ne ko tukunyar mayya?" Masu tsokana sun yi ta yi, amma duk ba su iya ba. Zagi ma ashe sai mai shi.

Da ginin ya kai ƙirjina kowa ya ga ya karkata wajen yamma kamar mai jin barci. Baba Ƙarami kullum ya wuce zuwa gona sai ya tsaya, ya girgiza kai, ya wuce. Ranar da na zo haɗa wuya, wurin da ake tsuke baki, abin ya gagare ni, in na liƙa nan can ya zube. Ina tsaye da laka har gira, sai na ji an ce, "Sauka, kafin ka kashe mutane." Baba Ƙarami ne, ya tuɓe riga ya hau. Bai yi mini magana ba har ya gama. Hannunsa irin na Tsoho ne sak, yadda yake shafa laka da bayan yatsu. Na juya na yi kamar ina neman wani abu a ƙasa.

Da ya bushe muka gasa cikinsa da kara, aka yi sadakar arba'in, washegari aka fito zubi. Baba Ƙarami ya zagaya ginina, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "To, ya tsaya. Sai a bar wannan karkataccen ba komai, a cika wancan mai kyau. Ai duk ɗaya ne, rumbu guda dai a wofi."

Ni ma sai na ji kamar haka ne. Sai muka ji murya daga bayan darni. Iya ce, ba ta fito ba, ta kafa ido a tsakanin kara.

Ta ce, "Auta."

Baba Ƙarami ya ce, "Na'am, Iya."

"Ranar da wuta ta tashi, wurin wa za ka gudu da hatsinka? Wurin mai lafiya ko wurin gurgu?"

Ta ci gaba:

"Ubanka bai bar ta wofi don ta fi muni ba. Ku zuba wa gurgun, kaɗan, a ga halinsa. Sauran ku buɗe na zana ku danna, ku yi wani na zana, kara bai ƙare a Damargu ba."

Wani yaro ya kawo sandar Tsoho, ya rasa wa zai ba, ya miƙa wa Baba Ƙarami. Ya karɓa yana juya ta a hannu. Jakin farko da aka kora gabansa nasa ne, da damman gonarsa masu dogayen zangarniya. Inna na can gefe da ƙwarya a hannu, ba ta ɗago ba. Ya daɗe yana kallon jakin. Sannan ya ɗaga sanda. Ya ce, "Wannan cikin gurgu. Wannan wajen rijiya. Wancan tsallaken kwari." Ya yi tari, ya daka wa yaron tsawa wai yana tafiya kamar hawainiya.

Da la'asar na je bakin ɗakin Iya, ban ko wanke ƙafa ba. Na ce, "Kin gani? Ya tsaya da ƙafarsa."

Ta ce, "Na gani. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ai ba a ce sai ya miƙe ba. Rumbu aka ce."

Ta yi murmushi, ta sa gefen zane ta share ido. Ta ce, "To, miji. Ka biya sadaki, mai sakin ya tafi."

Allah ya yalwata mishi inda yake kwance yadda ya yalwata wa ƙwaryar uwata. Allah ya tarar da shi da abin da ya zuba, wanda ya sani da wanda ya manta. Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa cin tuwo a gidanmu ko bai taɓa ba, ya yi mishi addu'a.

Jiya Juma'a. Kafin in kama hanyar Tanut na ɗauki tsani na jingina a jikin Amarya. Na duba ba kowa, na hau, na ɗaga murfi. Ciki sanyi, da ƙanshin laka, da sawun tsintsiyarsa har yanzu a ƙasa. Na cusa kai na ce, "Salamu alaikum!"

Muryata ta dawo mini cikakkiya, ba tsaga ko ɗaya. Na daɗe a kan tsanin ban sauko ba. Ni ba tawa nake jira ba.